Turbar Magangara: Nazarin Yadda Wani Ƙauye a Kudancin Kaduna Ya Sha Fama da Hanyar Hawan Dutsensa

Wurin da mutanensa

Ƙauyen yana gindin jerin duwatsun da suka haɗa kudancin jihar Kaduna da tsaunukan Filato. Dattawansa sun roƙe ni kada in ambaci sunansa, na kuma yi musu alkawari. Daga garin Kaduna hanyar Kachia ake bi, a wuce Zonkwa, sannan a bar kwalta a shiga jar ƙasa, inda babur ya fi mota amfani da zarar damina ta kankama. Yanki ne da aka san shi da dutse da ruwa. Ga dutsen Kagoro inda ake bikin Afan ranar 1 ga Janairun kowace shekara, ga kuma Matsirga kusa da Kafanchan, wadda ruwanta ke zubowa daga tsayin kusan mita 30. Magangarar da nake magana a kanta ba ta kai Matsirga suna ba, ba ta kuma bakin hanya. Sai an hau dutse, an gangara wani kwari mai duhuwar gora da tukurwa, sannan a fara jin ruguginta tun ba a gan ta ba.

Mutanen wurin manoma ne. Citta ce kuɗinsu, acca da masara da gwaza abincinsu. Akwai rugar Fulani a bayan dutse, akwai kuma 'yan gidajen Hausawa masu sayen citta da suka daɗe da zama. Kowa da yarensa a cikin gida, amma Hausa ake yi a kasuwa da wajen taro. Rafin da ke fitowa daga magangarar shi ne ruwan shan kowa da rani, lokacin da rijiyoyi ke ƙafewa.

Kakannin mutanen nan a kan dutse suka zauna, sai a zamanin Turawa aka sauko gindi. Har yanzu kufan yana can sama, da ragowar katangun dutse na gonakinsu. Tsohuwar turbarsu ta zagaye ce, kafin zuwan baƙi ciyawa ta cinye rabinta, shanu kaɗai ke binta. A lokacin akwai kuma hanyar yanke wadda yara da mafarauta suka fitar, miƙe take sak daga bayan gonakin citta zuwa ƙololuwar dutse. Mai ƙarfi yana cinye ta a minti 40.

2020 zuwa 2021: baƙi sun gano wurin

Bayan an sassauta kullen korona na 2020, matasan birni da suka gaji da zaman gida suka fara kafa ƙungiyoyin hawan dutse. Ina cikin ɗaya daga cikinsu a Kaduna. Wani abokinmu ɗan yankin ne ya kai mu magangarar a farkon sanyin shekarar, muka ɗauki hotuna muka sa a Facebook da Instagram. Kafin rani ya ƙare, kusan kowace Asabar sai an ga bas ɗaya ko biyu sun tsaya a ƙarƙashin ɗorawar bakin ƙauye, wasu daga Kaduna, wasu daga Abuja ta hanyar Keffi.

Duk wanda ya zo, hanyar yanke yara ke nuna masa, don ita ce mai sauri, yaron kuma yana son ya dawo ya ɗauki wasu. Turbar da a da mutum biyar ba sa binta a mako, sai ga ta tana ɗaukar ƙafafu masu takalman roba da dama a yini ɗaya. Ciyawar gefe ta mutu, ƙasa ta daddaɓe ta yi tauri kamar daɓen ɗaki. Inda aka ga santsi sai a kauce gefe a taka sabon wuri, turba ta yi ta faɗi.

Da ruwa ya sauka a 2021 aka ga abin da ya faru. Ƙasar da aka tattake ba ta shan ruwa, turbar kuma ta riga ta zama wuri mafi zurfi a jikin gangaren, saboda haka duk ruwan da ya sauka a sama nan yake tattaruwa ya biyo ta. Tun da ba ta da lanƙwasa ko ɗaya, babu abin da ke karya masa gudu. Zuwa watan Satumba tsakiyar hanyar ya zama rami, wani wurin har gwiwa, wani wurin har ƙugu. Yashi da tsakuwar da ruwa ya kwaso suka binne kunyoyin citta na gonaki uku da ke ƙasa.

A mashaya kuma mata suka fara tsintar ledar ruwa, robar lemo da kumfar sabulu. Ƙorafin farko da ya kai gaban dagaci daga wurinsu ya fito, ba daga masu gona ba.

Ranin 2022: siminti, buhunan yashi da igiya

Ƙungiyarmu da wasu biyu muka yi karo-karo, dagaci ya kira aikin gayya. Shawarar da aka tsayar ita ce a gyara hanyar yanken inda take. Aka ɗauko magini daga gari ya zuba matattakalar siminti a wuri mafi tsayi. Siminti da yashi da ruwa duk a ka aka hau da su cikin kwanon sarki, mata da samari suna ta kai da komowa har kwana tara. Ramin da ke ƙasa aka cike shi da buhunan yashi. A kan falalen dutsen da ake gangarawa kwari aka ɗaura doguwar igiyar roba daga wani maɗaci zuwa wani, don a riƙa kamawa.

Ranar da aka gama mun yi murna, mun ɗauki hoto a kan matattakalar. Wani dattijo da ya zauna a gefe yana kallo ya tambayi maginin, "Malam, ruwan fa, ina ka ce masa ya bi?" Maginin ya ce siminti ba ya tsoron ruwa. Dattijon bai ƙara magana ba.

Bayan harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna na ranar 28 ga Maris 2022, tafiye-tafiye suka ragu sosai, baƙi suka ɗauke ƙafa na wasu watanni. Duk da haka aikin ya lalace, ke nan ba ƙafar mutane ce ta lalata shi ba. Zafin rana ya fara cinye buhunan, suka yayyage tun kafin ruwa, ruwan farko ya kwashe yashin ya kai gonakin da aka so a kare. Matattakalar kuwa ta tare wa ruwa hanya, sai ya raba biyu ya bi gefenta, ya shiga ƙarƙashi yana yashe ƙasa. A watan Agusta rabinta na sama ya tsage ya karkace, ya zama wani katon tarko mai kaifi a tsakiyar hanya. Igiyar ta yi fari ta fara sakin zare, amma tana nan a ɗaure, wanda bai sani ba zai ɗauka lafiya take.

Satumba 2022: daren da aka kwana a tsallake

Daminar 2022 ta yi ruwa mai yawa, shekarar ce ambaliya ta yi ɓarna a jihohi da dama. A wata Asabar ta Satumba wasu ɗalibai su 11 suka zo ba tare da sun sanar da kowa ba. Ba su tsaya gaida dagaci ba, ba su ɗauki ɗan rakiya ba, hoton da suka gani a waya suka biyo. Da azahar suka tsallake rafin a ƙasan magangara, ruwa iya idon sawu, suka baza tabarma a kan wani fa a ɗaya gefen. Rana tana haske a kansu, ko ɗigon ruwa bai taɓa su ba.

Abin da ba su gani ba shi ne hadarin da ya taso daga gabas ya zauna a kan tudun da rafin ke fitowa. Wanda ke cikin kwari ba ya ganin sararin wancan gefe. Wata tsohuwa da ke tsintar itace a sama ta ga alamun da ta sani tun tana yarinya: iska mai sanyi ta biyo kwari, ƙarar magangara ta canza ta yi nauyi, ɗanyen ganye da ƙirare sun fara biyo ruwa, launinsa ya tashi daga fari ya koma kamar kunun kanwa. Ta yi ta ƙwala musu kira tana ɗaga zani, "'Ya'yana, ku fito! Ku fito!" Rugugin ruwa ya haɗiye muryarta. Wasu ma sun ɗaga mata hannu, a zatonsu gaisuwa take yi.

Cikin abin da bai kai rubu'in awa ba, wurin da suka taka ya fi ƙarfin tsallakawa. Mutum uku da suka riga suka koma wannan gefen suka ruga neman taimako. Ɗaya daga cikinsu, wata budurwa, ta kama igiyar nan a kan falalen dutse mai gansakuka, igiyar ta tsinke, ta zame ta karye a ƙauri. Sauran takwas suka haye saman fa suka kwana a can cikin jiƙaƙƙun kaya, samarin ƙauye suna wannan gefen da tocila da wuta suna yi musu magana har asuba. Babu sabis ɗin waya a cikin kwarin, sai da wani ya hau ƙololuwar dutse kafin aka samu kiran iyayensu.

Budurwar a kan tsani aka ɗaure ta da zannuwa aka sauko da ita. Hanyar minti 40 sai da ta ci fiye da awa uku, domin a cikin ramin nan mutum biyu ba sa iya jerawa, ga karyayyar matattakala da sai an ɗaga tsanin sama da ka kafin a wuce. Na ga wurin bayan mako guda, na ga inda ƙafafun masu ɗaukarta suka yi ta zamewa a jikin laka. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. Washegari dagaci ya sa aka rufe hanya.

Farkon 2023: shinge da kuɗin shiga

Da rani aka sake buɗewa, da sharaɗin kowa ya biya kuɗin shiga. Aka gicciya gora a bakin hanya, aka zaunar da samari biyu. Wannan bai kai wata uku ba. Lokacin ne aka yi ƙarancin takardun naira saboda canjin kuɗi, baƙi ba su da tsaba, sai su tura ta waya zuwa asusun duk yaron da ke bakin shinge, babu rasit, babu lissafi. Samarin wata unguwa suka ce su ma da haƙƙinsu, suka kafa nasu shingen a gaba. Masu gonakin da yashi ya binne ba su ga ko sisi ba. Baƙin da ba sa son biya kuma suka riƙa ratsa gonaki suna fitar da sababbin turbobi. Dagaci ya sa aka cire gorar duka biyu.

Ƙarshen 2023: komawa burtali

Daminar 2023 ta zo wa kudancin Kaduna da annobar da ta ruɓar da citta a gonaki, daga Kachia zuwa Jaba da Kagarko da kewaye. Ga shi an cire tallafin man fetur tun 29 ga Mayu, komai ya yi tsada. Ƙauyen nan ma bai tsira ba, gidaje da yawa ko iri ba su fitar ba. A wannan hali aka sake zama kan maganar dutse, domin yanzu ɗan abin da baƙi ke kawowa ya zama abin dubawa.

Zaman ya bambanta da na baya ta fuska ɗaya. Dagaci ya ce ba za a fara ba sai an kira mata masu ɗiban ruwa, an kira Arɗo, an kira dattijon nan da ya yi wa magini tambaya. Mu 'yan birni aka ce mu saurara tukuna.

Arɗo ne ya fara. Ya ce, "Ranka ya daɗe, saniya ba ta hawa dutse a miƙe. Shekara nawa muna bin tsohuwar turbar kakanninku da garke, ko sau ɗaya ruwa bai mai da ita rami ba." Dattijon ya ƙara da cewa katangun gonakin kufai babu siminti a jikinsu, kuma sun girme kowa a wurin. Tsohuwar da ta yi kiran ɗalibai ta ce ita abin da ya dame ta mashaya ce, a raba wurin wanka da wurin sha.

Washegari muka bi su muka taka tsohuwar turbar. A nan na fahimci abin da Arɗo ke nufi. Hanyar tana tafiya ne a kaikaice a jikin dutse, ta yi gabas ta juyo yamma, hawanta a hankali, kusan taku goma gaba kafin a tashi tsayin taku ɗaya. Doronta ya ɗan karkata waje, saboda haka ruwan da ya sauko daga sama tsallake ta yake yi ya wuce cikin ciyawa, ba ya samun damar kwanciya a kanta ya bi tsawonta.

Aikin ya ci watannin sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, kwana biyu a kowane mako. Ba a sayi buhun siminti ko ɗaya ba. Diga da shebur da adda da ƙarfen banƙara dutse kawai aka yi amfani da su. Inda gefe ya zube aka ja katangar dutse zalla irin ta kufai, manya a ƙasa, kowane dutse ya hau kan biyu, an ɗan jingina ta ga jikin tudu, ruwa yana tsiyaya ta tsakanin duwatsun. A wuraren da hawa ya yi tsauri aka binne jerin duwatsu a karkace a gicciyen hanya, duk bayan taku 10 zuwa 15, don su riƙa kautar da ruwa gefe tun bai yi ƙarfi ba. Na tsaya na kalli dattijon yana sa dutse ɗaya. Ya juya shi sau huɗu yana neman fuskar da za ta zauna, ya cusa ƙananan tsakuwa a ƙarƙashi, sannan ya hau kai da ƙafa biyu ya girgiza. Da ya ji motsi kaɗan sai ya tone ya sake daga farko. Samarin da ke kallo tun suna gunaguni har suka koma yin haka da kansu.

Hanyar yanke kuwa aka kashe ta gaba ɗaya. Aka farfasa ragowar matattakalar aka jera ɓaraguzan a cikin ramin a matsayin ƙananan madatsai, aka toshe bakinta sama da ƙasa da ƙaya, da ruwa ya sauka aka dasa jema da gamba layi-layi a gicciye. Saiwar jema ƙasa take nutsawa ta riƙe ƙasa, ganyenta kuma yana tace yashi.

An yi wata matsala da ba a hango ba: shanu da baƙi a turba ɗaya. Kofato yana tumɓuke duwatsun kautar da ruwa, baƙi kuma suna firgita garke. Aka daidaita cewa shanu su wuce da sassafe kafin baƙi su fara hawa, a wuri ɗaya mai matsi kuma aka fitar musu da ɗan reshe daban.

Sauran ƙa'idojin kaɗan ne. Babu mai hawa sai ya rubuta sunansa da lambar wani nasa a littafi a ƙofar dagaci, 'yan sintiri su san da shi. Kowane rukuni da ɗan rakiya mai usur, ana bin layi ne unguwa-unguwa. Abin da aka biya a gaban mutum uku ake rubuta shi, kashi ɗaya na ɗan rakiya, ɗaya na gyaran hanya, ɗaya na masu gonakin da suka yi asara. Kowa ya sauko kafin la'asar sakaliya. An shafa jan fenti a jikin wani dutse a mashigi, in ruwa ya taɓa shi babu tsallakawa. Daga Yuli zuwa ƙarshen Satumba ba a tsallake rafin sam, daga wannan gefen ake kallo. An hana iyo a gurbin da ruwa ke faɗawa, domin ruwa mai kumfa ba ya ɗaukar mutum kamar ruwan kwance, kuma yana juyawa ya mai da shi ƙarƙashin magangara. Wanka sai ƙasa da mashaya, ba da sabulu ba.

Daminar 2024: gwaji

Sabuwar hanyar tana cin kusan awa ɗaya da rabi. Wasu baƙi sun yi ƙorafin nisa, ƙungiya ɗaya ma ta daina zuwa. Bayan kowane babban ruwa samari biyu suna bin turbar da fartanya suna yashe bakin magudanai. A watan Agusta katanga ɗaya ta zube inda aka yi gaggawa aka sa ƙananan duwatsu a ƙasa, aka sake ta a yini biyu da duwatsun da suka zubo. Ban da wannan, turbar ta fita damina yadda ta shiga.

Tsohon ramin bai cike ba, amma ya daina zurfi, ciyawa ta kama bayan madatsan. Yashi bai sake sauka gonaki ba. Sau biyu ɗan rakiya ya busa usur ya fitar da mutane daga kwari rana tana haske, sau ɗaya ruwa ya zo, sau ɗaya bai zo ba. A karo na biyun baƙin sun ji haushi, dagaci ya goyi bayan yaron.

Abin da na fahimta

A ganina aikin 2022 ya faɗi ne tun ranar da aka yanke shawarar barin hanyar inda take. Turbar da ta miƙe da gangare magudana ce, ko da me aka lulluɓe ta, kuma simintin da muka ɗauka ƙarfi ne shi ya ƙara wa ruwa wurin tona. Igiyar ta fi komai muni, don ta sa mutane sun dogara da abin da babu mai duba shi. Da ba mu ɗaura ta ba, wataƙila yarinyar nan da rarrafe za ta hau falalen, kamar yadda 'yan ƙauye ke yi. Wannan yana damuna har yau, domin da kuɗinmu aka saye ta.

Shingen kuɗi ya rushe ne saboda ya sayar da shiga kawai, bai ba baƙo komai ba, bai kuma biya wanda ya yi asara ba. Tsarin ɗan rakiya ya zauna don kowa yana ganin abin da kuɗin ke yi: baƙo ya sami mai karanta masa ruwa, mai gona ya sami kasonsa, hanya ta sami mai yashe ta. Aikin dutse zalla kuma ya dace da wurin ne saboda kayan gyaransa suna nan a zube a gefen hanya, masu gyaran kuma a ƙauyen suke kwana. Ba na jin za a kai ga wannan da ba a kira Arɗo da dattijon da tsohuwar nan cikin zaman ba, kuma ban manta cewa sai da citta ta ruɓe, aka kuma kusa rasa rayuka, sannan muka zauna muka ji ta bakinsu.

Akwai abin da bai warware ba. Yawancin 'yan rakiyar samari ne da ke tafiya cirani Abuja ko Kaduna da zarar noma ya ƙare, daidai lokacin da baƙi suka fi zuwa. Dattijon da ya iya jan katanga ƙafarsa ta fara gazawa, bana bai hau ba, daga gindin ɗorawa yake ba da umarni. Cikin samarin da suka koya a hannunsa, biyu ne kawai suka rage a ƙauyen, kuma akwai lanƙwasa ta huɗu daga sama da gefenta ya fara kumbura, wadda dole a warware a sake ja kafin ruwan Afrilu.